Wa Zai Miƙe wa Lidiya? Aikin Ƙarshe na Iya Gwamma

Duk wanda ya saba bin hanyar Rano zuwa Kibiya da sanyin safiya ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Tsohuwa ce gajera, tana ɗan ɗingishi saboda ciwon gwiwa, da tsintsiya a hammata da bokitin ruwa a ka. Iya Gwamma ke nan, mai kula da ɗan cocinmu na Lutheran da ke Gidan Korau. Kafin mata su hura wuta ta buɗe ƙofa, ta share kashin jemagu, ta goge bencina, ta yayyafa wa daɓe ruwa. Daga nan sai ta zaga baya wajen maƙabarta, ta tuge ciyawa, ta mayar da ƙayar da awaki suka ture. In ta gama ta yi 'yar addu'arta a tsaye, ta wuce gona kamar kowa. Babu wanda ya ɗauke ta wannan aiki. Tun tana da goyo ta fara shi, ga shi yau jikokinta sun yi aure.

Cocin namu ƙarami ne. Wasu ma'aikata 'yan wajen Numan da aka turo Rano ne suka fara sujada a gindin darbejiya, iyayenmu suka bi su, daga baya aka yi gini. Ma'aikatan sun koma garinsu tuntuni, amma sun bar mana tsarin da suka zo da shi, har da ranakun tunawa da tsarkaka. Iya Gwamma ce ke sauya ƙyallen bagadi, wato teburin da ke gaban coci. In ka shigo ka ga jan ƙyalle, ka san yau ana tuna waɗanda aka kashe saboda bangaskiyarsu. Ba ta karatu, da yanayi take gane ranakun. Ta Bitrus da Bulus tana zuwa ne ana noman farko. Ta Istifanus kuwa washegarin Kirsimeti, ana cikin ɗumamen shinkafa. In yara suka tambaye ta ko roƙon waɗannan mutane muke yi, sai ta riƙe haɓa.

"Wanda ya kwanta yana hutawa, me za ka roƙe shi? Allah muke wa godiya da ya ba mu su. Mu ga inda suka taka, mu ma mu taka. Shi ke nan fa."

Shara ce aka fi gani, amma ba ita ce babban aikinta ba. A gidajenmu in ciwo ya yi tsanani, kafin a aika wa mai bishara, jagoran cocinmu, an aika wa Iya Gwamma. Ita ke zama a gefen tabarma, ta jiƙa leɓen mara lafiya da ruwa, ta yi masa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. In mace ce ta rasu, ita ke yi mata wanka. Matan zumuntar coci sun shaida shekarar amai da gudawa, lokacin da kowa ke tsoron shiga gidan wani, ita ta riƙa shiga da tulunta, ta fito ta wanke hannu da toka, ta shiga na gaba. Gwamma uwar marasa uwa, inuwar da ba ta korar kowa.

Ranar da ta fi kowace a wurinta ita ce Lahadin Tsarkaka, Lahadin farko a watan Nuwamba, daidai lokacin yankan dawa. Ranar farin ƙyalle take shimfiɗawa. Ana tuna manzanni da shahidai na dā, sannan a gangaro kan namu, waɗanda suka rasu cikin shekarar. Mu kuma muna da wata al'ada da iyayenmu manoma suka ƙara. In mai bishara ya kira sunan mamaci, sai ya tambaya, "Wa ya miƙe masa?" Wani na jininsa ya miƙe, ya faɗi alheri ɗaya da ya sani game da shi, ya kawo zangarniyar dawa daga gonar mamacin ya ajiye a gaban bagadi. Sai Iya Gwamma, tana waje a gindin darbejiya, ta buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da muke amfani da shi a matsayin ƙararrawa. Bayan sujada ta tattara dawar, mu ƙara da abin da kowa ya iya, ta sussuka ta adana. Da bazara a raba iri ga duk wanda ya rasa, ba a tambayar addininsa.

Bana cikin damina Lidiya ta kwanta. Lidiya ƙawar Iya Gwamma ce tun suna 'yan mata, tun ana kiranta Kande, kafin ta yi baftisma. Gidansu a Fassi yake. Iyayensu masu bin al'adar gargajiya ne, da 'ya'yan suka girma sai hanya ta rabu, ita ta bi mijinta coci, ƙanenta Gwadabe ya musulunta. Mijin ya rasu da daɗewa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu. Abin da ya rage mata shi ne wata gayauna a gonar ubansu a Fassi, wadda Malam Gwadabe bai taɓa hana ta nomawa ba. Ta shuka dawa kaura da ruwan farko, ta yi noma ɗaya, ciwo ya kayar da ita.

Wata la'asar ana yayyafi, Iya Gwamma tana shafa mata man zafi a ƙafa, sai Lidiya ta buɗe ido.

"Gwamma, in aka kira sunana, wa zai miƙe mini?"

"Ke, rufa mana baki. Wa ya ce miki za a kira shi bana?"

"Daina yi mini wayo, tare muka tsufa. Ke kina waje wurin ƙarfe, kuma ba jinina ba ce. Za a tambaya a ji shiru, yara su waiwaya."

Iya Gwamma ta ci gaba da shafa man, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Za a miƙe miki."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Lidiya ba ta ga fitar kan dawarta ba. Malam Gwadabe ya zo jana'iza, ya tsaya daga nesa har aka rufe, ya karɓi gaisuwa ya koma. Shi ya ƙarasa noman gayaunar, shi ya girbe.

Da Lahadin Tsarkaka ta matso, Iya Gwamma ta kai maganar wurin mai bishara Irmiya, ta ce za ta je Fassi ta nemo Malam Gwadabe. Mutum ne mai sanyin hali, ya saurare ta har ta gama.

"Iya, kada ki wahalar da gwiwarki. Mu duka danginta ne cikin Almasihu. In na kira sunanta, coci gaba ɗaya sai mu miƙe."

"Gaskiya ne, mai bishara, kuma in ta kama haka za a yi. Amma ai ta san da ku ta yi tambayar. Nata take so."

Ya ce Allah ya kai ta lafiya.

Washegari ta hau acaɓa zuwa Kibiya, daga can wani mai a-daidaita ya rage mata hanya, sauran ta taka har Fassi. Barira, matar Malam Gwadabe, tana sheƙe gyaɗa a tsakar gida ta hango ta.

"Lale marhabin! Iya, yau ɓatan kai kika yi?"

"Ɓatan kai da wannan gwiwar? Ai sai da na yi niyya. Ba ni ruwa tukuna, kafin gaisuwa ta ƙarasa ni."

Ta sha ruwa, ta sha fura, sai ga maigidan ya dawo daga gona da magirbi a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ta, don tun yana yaro yaya yake kiranta. Suka yi wa juna ya ƙarin haƙuri. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Gemu ya yi fari, amma kunnuwan nan suna nan yadda na san su. Sau nawa na ja su, ranar da ka sace mana aya?"

"Yaya Gwamma, a gaban iyali?"

"Iyali su sani mana, kada su ɗauka da rawani aka haife ka."

Barira ta yi dariya har da riƙe ciki. Da dariya ta lafa Iya Gwamma ta faɗi abin da ya kawo ta, zangarniya ɗaya daga gayaunar Kande, da shi kansa ranar Lahadi.

Fuskar Malam Gwadabe ta sauya. Ya jima yana zane a ƙasa da tsinke.

"Yaya, dawar Kande ga ta can a ware, ban taɓa ko ƙwaya ba. In ci za ki yi, ki turo amalanke a kwashe. Amma wannan ba zan iya ba. Na ji abin da kuke yi. Kuna kiran matattu ɗaya bayan ɗaya, kuna ajiye musu hatsi, kuna buga musu ƙarfe. Ni fa na ga Baba yana zuba wa kakanni gumba a gindin kukar bayan gida. Ni nake riƙe masa jan zakaran. Ranar da na bar wannan abu na bar shi har abada. Yanzu da furfurata in ɗauki dawa in kai wa kushewa?"

Maganar ta soke ta, don ba ta taɓa zaton haka ake kallonmu daga Fassi ba. Ta ajiye ƙwaryar fura a hankali.

"Gwadabe, ni ma a gindin irin wannan kukar na girma. Kana ganin mun baro ta ne don mu sake dasa wata a cikin coci? Kande ba ta jin yunwa. Ba za mu roƙe ta ruwa ba, ba za mu roƙe ta haihuwa ba. Sunanta za a faɗa, a gode wa Allah da ya ara mana ita."

"To dawar ina take zuwa?"

"Ƙasa take komawa. Ka san Bappa Alu, bafulatanin nan na bakin rafi da gobara ta cinye wa rumbu bara? Sallarku ɗaya da shi. In kun haɗu a kasuwa ka tambaye shi irin da ya shuka bana daga ina ya fito."

Malam Gwadabe bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai yi shawara. Iya Gwamma ta tsufa da sanin abin da wannan magana ke nufi a bakin namiji, ta miƙe ta yi sallama.

Barira ta raka ta har bayan danga, ta waiwaya, ta rage murya.

"Iya, bari in zaro miki ɗaya a ɓoye. Ba ƙirga su ya yi ba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma zangarniya ba ta da ƙafafu, ba ita za ta miƙe ba. Kuma ba zan sa ki saci abin gidanki ba."

Kwanakin da suka biyo baya kowa ya ga Iya Gwamma ba ta nan yadda aka san ta. Ta wanke farin ƙyalle, ta shanya, ta sake wankewa alhali babu datti. In ta je gyaran maƙabarta takan daɗe a tsaye wajen kabarin Lidiya. Wata daga cikin matan zumunta ta ce mata ai ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya gani. Ta ce, "Ba ƙoƙari na yi mata alkawari ba."

Ranar Lahadi coci ya cika, har da waɗanda suka zo daga Lausu da cikin Rano. Ƙanshin sabuwar dawa ya cika ɗakin. Iya Gwamma ta ɗauki guntun ƙarfen bugu ta tsaya a gindin darbejiya, kusa da tagar da take jin sunaye ta cikinta, fuskarta na kallon hanyar Kibiya. Aka yi waƙoƙi, aka yi wa'azi, aka tuna na dā. Sannan mai bishara Irmiya ya fara kiran namu. Ya kira wani dattijo, ɗansa ya miƙe ya ce mahaifinsa bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba. Ta buga ƙarfe, ta dubi hanya. Ya kira wata jaririya da ba ta kai yaye ba, uwar ta miƙe, ta ajiye zangarniya daga gonar uban. Ta buga, ta sake duban hanya. Babu kowa sai wani mai jaki da kayan kara.

Lidiya ce ta ƙarshe, don ita ta rasu a ƙarshe. Iya Gwamma ta ji mai bishara ya gyara murya.

"Lidiya, wadda aka haifa Kande, 'yar Fassi. Wa ya miƙe mata?"

Coci ya yi tsit. Ta runtse ido, ƙarfen bugu ya yi mata nauyi a hannu. Ta ji bencina sun fara motsi, jama'a na shirin miƙewa yadda mai bishara ya tsara.

"Ni ne."

Muryar ba daga ciki ta fito ba, daga bakin ƙofa ne. Kowa ya waiwaya. Malam Gwadabe ne tsaye a waje, da farar riga da hula, da damin kaura guda a jingine a ƙafarsa. Ashe tun kafin a fara sujada ya iso ta hanyar gonaki, ya ɓoye kekensa, ya tsaya a tagar ɗaya gefen yana kallo. So yake ya gani da idonsa ko za a durƙusa wa dawar, ko za a roƙi wani mamaci. Ita tana ta leƙen titi, shi yana bayan gini.

"Ni ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan shigo ba, ku yi haƙuri, kowa da hanyarsa."

Mai bishara ya ce, "Daga nan ma muna jin ka, Malam. Faɗi abin da ka sani."

Ya share fuska da hannun riga.

"Wata shekara maiɗakina ta kwanta ciwo a watan azumi, yara duk ƙanana. Kande ta kulle ɗakinta ta taho Fassi. Ita ta riƙa dafa mana na sahur da na shan ruwa har aka ga watan sallah. Ita ba azumin take ba, amma ban taɓa ganin ta kai wani abu baki da rana a gaban 'ya'yana ba. Abin da na sani ke nan. Na gode wa Allah da ya yi ta 'yar'uwata."

Ya zaro zangarniya ɗaya ya miƙa wa na bencin baya. Wannan ya miƙa wa na gabansa, hannu zuwa hannu, har ta isa gaban bagadi. Aka jira ƙarar ƙarfe, aka ji shiru. Sai da wata mata ta leƙa ta taga ta ce, "Iya, ƙarfe!" sannan Iya Gwamma ta farka. Bugun da ta yi ranar, har tsuntsayen kan darbejiya sai da suka watse. Daga nan ta zame ta zauna a kan saiwar bishiyar, ta sauke numfashi irin na wanda ya ajiye kayan da ya ɗauko tun damina.

Malam Gwadabe ya zagayo ya tsuguna a gabanta.

"Yaya, kuka kike?"

"Dole in yi. Kana nan tun safe ka bar ni wuyana ya ƙage da kallon hanya? Kuma ɗaya na ce maka, wa ya ce ka kwaso dami?"

"Na ga Bappa Alu a kasuwa. Ya ce in gaya miki iri ne mai kyau, in da saura kada a manta da shi. Na ce to bari in ƙara yawansa."

Wannan shi ne Lahadin Tsarkaka na ƙarshe da Iya Gwamma ta buga mana ƙarfe. Gwiwa ta ƙi, ɗanta ya gyara mata ɗaki a cikin Rano, da an gama sussuka za ta koma.

Iya, ke ce kika zauna da iyayenmu a sa'ar da mu muka kasa kallon fuskarsu. Ke ce kika san wane kabari ne na wa, har waɗanda ruwa ya shafe. Ke kika koya mana cewa tsarkaka ba mutanen cikin hoto ba ne kawai, har da mai dafa wa ƙanenta sahur, har da dattijon da ba ya cin tuwo shi kaɗai. Kin yi wa mai mutuwa alkawari, babu shaida sai Allah, kika ja ƙafa mai ciwo har Fassi don ki cika shi, kika kuma ƙi bin gajeriyar hanya da aka nuna miki. Mun gode. Allah ya saka, ya sassauta miki gwiwa, ya ba ki hutu mai daɗi a tsakiyar jikoki.

Mu da muka rage kuma, aikin bai tafi Rano ba, yana nan. Akwai tsofaffi a unguwanninmu da ke kwance suna wannan tambayar a zuci, ba su da wanda za su yi wa ita. Kada mu jira sai an kira sunansu. Mu shiga mu zauna, mu ji, in da ɗan'uwan da aka rabu da shi a je a nemo shi tun da sauran numfashi.

Ke kuwa Iya, ranar da za a kira naki sunan, Allah ya nisanta ta, kada ki kwanta da wannan damuwa. 'Ya'yanki za su miƙe, amma sai sun yi sauri, don daga bencin gaba har bakin ƙofa ba za a sami wanda ya rage a zaune ba.